Jan Fentin Baba Makaniki

"Baba, don Allah kashe abin nan!"

Ina tsaye a ƙofar garejinsa, 'yata a kafaɗa tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Ya kashe abin feshin. Jan fenti ya turnuƙe ko'ina.

Baba Makaniki maƙwabcinmu ne, tagar ɗakinmu na kallon garejinsa. Shekara arba'in yana gyaran motocin mutane. Da ya ajiye aiki sai ya sayo wata tsohuwar mota da ta girme ni, ya ciro injinta ya ɗora a kan benci, ya wanke shi tas, yau kuma ya fara fenti.

"Uwar Gimbiya, lafiya?"

"Asma gare ta, Baba. Ko turare ba ta shaƙa."

Ya dubi yarinyar, ya dubi injin. "To, feshi ya ƙare. Buroshi zan sa, can bakin ƙofar baya. Feshi wuni guda ne, buroshi mako biyu, amma ba komai."

Na tafi ina jin na yi nasara. Sai washegari, wajen shanya, matarsa Inna ta ce da ni ta saman katanga, "Ciwon zuciya gare shi, 'yar nan. Likitoci sun ce ba abin da za su ƙara. Shi kuwa burinsa ɗaya, ya ji injin nan ya tashi."

Na ajiye bokiti na nufi garejin.

"Baba, ka yi feshinka. Zan kai ta wurin yayata."

"Ki fitar da yarinya daga gidanta saboda ƙarfe? Ai buroshi ya fi shiga lungu. Je ki abinki."

Kwana goma sha shida ya yi yana shafawa. Da fentin ya bushe, maƙwabta suka ɗaga injin suka mayar cikin motar, suka turo ta tsakar gida. Saura haɗa tiyon ruwa da bututun mai. A lokacin hannunsa ya fara rawa, noti na suɓuce masa. Rannan na ga ya sunkuya neman wanda ya faɗi, ya kasa miƙewa. Na miƙa wa Inna yarinyar, na naɗe hannun riga.

"Nuna min."

Ya zauna a kujera yana nuni da sanda. "Tiyon sama zuwa lagireto, tankin ruwan nan na gaba. Da yatsa za ki fara ɗaura notin, sifana sai ƙarshe. Ki matse kamar kina rufe kwalbar maganin Gimbiya, ba kamar kina fushi da babanta ba."

"Ai da tuni ya karye, Baba."

Kullum da hantsi nake zuwa. Kwana huɗu muka gama. Amma ranar tayarwa bai iya sauka daga gado ba. Inna ta buɗe masa taga, ta shige da Gimbiya ɗakin ciki. Na murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Sau uku.

Na leƙa tagar. Fuskarsa ta faɗa, numfashi da ƙyar.

"Ki duba kafireta. Da mai?"

"A bushe take."

Ya rufe ido, leɓensa na motsi. Can sai ya yi wata 'yar dariya. "Kafin fenti na toshe kowane rami da tsumma. Na bakin famfon mai ban cire ba. A kansa kika ɗaura bututun."

"Ni ce ban duba ba."

"Ni ne ban faɗa ba. Shekara arba'in! Kada ki gaya wa kowa."

Na kwance notin, na sa filaya na zaro tsumman, ɗan ƙarami kamar yatsan jariri. Na mayar, yatsa tukuna, sannan sifana. Na murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya ɗauka, wani irin gurnani mai kauri, har gilashin taga na kaɗawa.

Baba ya ɗago hannu. "Kin ji? Ko gargada babu." Ya kasa kunne, ido rufe, har na ɗauka barci ya yi. Sai ya ce, "Ya isa, 'yata. Kashe."

Bayan kwana uku ya rasu, da safe, Inna na gyara masa matashi.

Da mutane suka ragu na shiga duba ta. Ba ta ɗaki, ba ta kicin. A cikin motar na same ta, kujerar gaba, hannuwa a cinya, tana kallon katanga ta cikin gilashin motar.

"Ya ce in ta tashi, ni zai fara ɗauka," in ji ta.

Na zagaya na buɗe ɗaya ƙofar, na zauna a wurin direba, Gimbiya na barci a ƙirjina. Inna ta jawo tata ƙofar a hankali ta rufe.