Ƙugiyoyin Baba

Damina biyu na yi ina fama da Innarmu, Tasalla, a kan iccen dogon yaron da ke tsakar gidanmu na Ƙofar Rini. Gara ta cinye masa ciki, ya karkata ya jingino kan ɗakinta, in iska ta taso har ƙara yake yi kamar tsohuwar ƙofa. Ni kuwa ina aure a Gidan Dahala, da na hangi hadari ya yi baƙi a gabas sai in ɗauki waya in yi ta roƙonta ta koma ɗakin matar yayana. Amsarta ɗaya ce kullum, wai a ɗakin nan ta haife mu, kuma iccen bai taɓa yi mata laifi ba. Tsohuwar nan akwai taurin kai, kuma a wurinta na gada, shi ya sa ba ma daɗewa muna magana ba a yi sama ba.

Ranar da wani reshe ya faɗo ya fasa randarta, ban ƙara neman shawarar kowa ba. Na sa yayana Jelani ya nemo Muntari mai yankan itace, ya zo ranar Asabar da injinsa da igiyoyi. Inna ta fito da tabarmarta ta zauna a bakin madafa, ta juya mana baya.

Rassan ba su ba shi wahala ba. Ya hau, ya ɗaure kowanne da igiya, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ko ganye ya taɓa kwanon ɗakin ba. Da ya zo kan gangar jikin, ya ce gunduwa-gunduwa zai sauke ta daga sama. Ya yanka biyu lafiya. A ta uku sai muka ji ƙara, tartsatsin wuta ya tashi, sarƙar injin ta tsinke ta zabge masa hannun riga. Saura ƙiris ta sami naman.

Ya sauko, ya tambaye mu wane irin ƙarfe ne a cikin iccen nan. Ni da Jelani muka kalli juna. Wallahi kunya ta kama ni. Babanmu, marigayi Dodo, mahauci ne, kuma duk haihuwar da aka yi masa sai ya kafa sabuwar ƙugiya a jikin iccen ya rataye ragon suna ya feɗe. Ba ya maimaita ƙugiyar wani ga wani. Mu shida ne. Da shekaru suka ja, ɓawo ya haɗiye su har ba alama, mu kuma muka manta sarai, kamar ba a gidan muka tashi ba.

Muntari ya fara naɗe igiyarsa. Ya ce sarƙa ɗaya ta rage masa, kuma ba zai sa hannunsa a icce mai ƙarfe a ciki ba sai ya san inda kowanne yake. Ya ƙara da abin da ya fi tayar min da hankali: yanzu da aka cire rassan aka tsaga jikin, iccen ya fi da haɗari, iska kaɗan za ta kwantar da shi a kan ɗakin. Ga gabas ta fara haɗa gajimare.

Mutum ɗaya ya san inda ƙugiyoyin suke, kuma ga ta can ta ba mu baya. Na je na fara da faɗa, don shi na iya. Na ce mata ta kusa sa bawan Allah ya rasa hannu, alhali laifin namu ne, na sani. Ba ta ko ɗago ba. Sai faɗan ya ƙare min, na durƙusa na fashe da kuka, na faɗa mata gaskiya, cewa tsoro nake ji, kuma na gaji da jiran ranar da za a kira ni a ce in zo a tono ta.

Ta juyo ta kalli iccen, ta ce, "In kunka sare shi, ƙarfunan fa? Bola za ku kai su?"

Na rantse mata ko ɗaya ba zai bar gidan ba.

Ta miƙe da sandarta. Ta ce Jelani ya tsaya a gindin iccen ya ɗaga hannu, tunda tsawonsu ɗaya da Baba. Muntari ya ce hakan ya yi, don icce ba ya tafiya sama da ƙusa, inda aka buga ta nan take zama. Ni malamar firamare ce, ba a rasa alli a jakata. Inna ta riƙa zagayawa tana nunawa da sanda ina shatawa. Ta Jelani ta gabas, ita ce ta farko. Ta ɗan'uwanmu marigayi Sirajo tana kallon rijiya. Tawa tana can gefen katanga, ta ce ranar rana ta yi zafi, Baba ya bi inuwa. Ba ta yi gardamar ko ɗaya da kanta ba.

Muntari ya sa sabuwar sarƙa, ya yanka sama da layin alli, ya yanka ƙasa da shi, ya sauke gunduwar gaba ɗayanta. Ya fasa ta da gatari, ga su nan kuwa, shida cif, baƙaƙe da tsatsa. Kafin la'asar iccen ya kwanta a tsakar gida, ɗakin Inna yana tsaye ko kwano bai lotsa ba. Na yi alhamdulillahi ban san adadi ba.

Ya jawo injin niƙa kututture, wani mai faifai da haƙora, zai tayar ke nan Inna ta buga sanda a ƙasa. Ta ce akwai zoben ƙarfe a can ƙasa ta wajen madafa, inda ake ɗaure ragunan kafin yanka. Ya tona da gatari, ya zaro shi, ya kalle ta ya ce, "Inna, yau kin cece ni sau biyu." Sannan ya niƙe kututturen har ƙasa da daɓe, muka cike ramin da yashi. Inna ta tattara ƙarfunanta bakwai a tsohon kwanon sha, ta shige ɗaki da su.

Hadarin ranar bai zubar ba, sai ranar Talata da azahar ya zo da iska mai ƙarfi. Ina tsakar aikin tuwo na ga hannuna ya ɗauki waya da kansa ya danna lambar Inna. Har ta fara ringi na tuna babu iccen, amma na bar ta ta shiga.

Muryar Inna ta fito a shaƙe, ta ce na tashe ta daga barci. Na yi dariya na ce yau kuma barci ake yi ana wannan iska?

Ta ce, "Ke dai bari, Juwairiyya. Damina biyu ke nan, in hadari ya taso, bakin ƙofa nika zama da takalmina a ƙafa."

Na zauna a kan turmi, muciya a hannuna. Sai ta ce in kashe wayar, barcinta bai ishe ta ba.