Ranar da Keken Mumuni Ya Bar Gida

A shekarun da gwamnati ta ga dama ta koya wa tsofaffi boko, kafin ƙasar nan ta karɓi mulkin kanta, an buɗe aji a barandar gidana a Asawase, zangon Hausawa a ƙasar Asante. Ba son ilimi ya sa na bayar ba. Tun da mai ɗakina ta rasu kaji suka gaje wurin, na ga gara mutane, ko da yake bambancin bai kai yadda na zata ba. Bayan la'asar ake taruwa: 'yan goro, masu dako, wani direba Hussein, da Baba Mumuni tela. Ni ina gefe a kujerata, ina jin dattawa masu jikoki suna shaida wa duniya da Turanci cewa suna da jar ƙwallo.

Malamin wani saurayi ne ɗan Asante, Ticha Boakye, mai haƙuri, ya iya Hausar zango. Sai ya rubuta jimla ɗaya a allo, aji ya maimaita, ya sauya kalma ɗaya, a sake maimaitawa. Kofi yana da ƙwallo. Kofi yana da akuya. Kowa ya buɗe baki, ban da Mumuni.

"Ticha, wane Kofin? Na unguwar Dichemso mai gyaran agogo?"

"Ba kowa ba ne, Baba. Misali ne kawai."

"To ba na shaida a kan akuyar mutumin da ban sani ba."

Aka yi dariya, amma ba mai yawa ba, don duk zango an san shi. Tela ne wanda in ya ce maka Laraba, to Laraba ce. Ba malami ba ne, ƙananan surori kawai ya haddace. Abin da ke gare shi ɗaya ne: bakinsa bai taɓa faɗin abin da babu shi ba. In kuwa ya kuskura ya faɗa, sai ya tashi ya mai da shi gaskiya. Na sha gamuwa da irinsa a littattafai, na ɗauka marubuta ne ke ƙirƙiro su don su kunyata mu.

Ran da aka zo kan "I am going to the market," ya bi aji ya faɗa. Da aka fassara masa, sai ya jawo takalmansa ya tafi kasuwa. Ya dawo gab da magariba da ƙullin kanwa, wai kada tafiyar ta zama ta wofi. Daga nan Ticha ya koyi yanka masa jimla daidai wuyansa. Ina da allura. Ina zaune a benci. Ina da keken ɗinki. Wannan ta ƙarshe da ƙarfi yake faɗinta, don keken nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, da shi yake ci da mutanen gidansa.

Wata rana labari ya zo cewa sufeto zai zo jarraba ajin. In an ci a ci gaba, in an faɗi a kwashe bencina a kai wata unguwa. Ana gobe zai zo, Ticha ya durƙusa gaban Mumuni.

"Baba, don Allah gobe ban da tambaya. Duk abin da ya ce ka faɗa, ka faɗa."

Mumuni ya dube shi. "Na yi maka alkawari, ɗana."

Sufeton mutumin bakin teku ne, da laktaye da hular hana-salla, ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa. An yi ruwa da rana, baranda na ɗiga. Ya zaɓi darasin bayarwa: na ba wane kaza. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hussein ya ba Ama littafin da ba shi da shi, wani ɗan goro ya kyautar da doki, ba wanda gabansa ya faɗi. Da ya iso kan Mumuni ya tambaye shi sana'arsa.

"Tailor," in ji Mumuni.

Sufeto ya ji daɗi. Ya ce to ya maimaita: "I have given my machine to my neighbour." Wato na ba maƙwabcina kekena.

Duk muka dubi juna. Gidan Mumuni a ƙarshen layi yake, bayansa bangon masallaci, don haka maƙwabcinsa ɗaya ne tak: Karimu mahauci. Karimu a ƙofar gida yake wanke kayan ciki, ruwan ya bi kwata ya kwanta a bakin shagon Mumuni. An kai maganar gaban Sarkin Zango, an dawo, ruwan bai sauya hanya ba. Tun 'ya'yansu na rarrafe ba sa gaisawa, ga shi har 'ya'yan sun yi aure.

"Ticha," in ji Mumuni a hankali, "abin da na ji shi ne ya faɗa?"

Ticha ya yunƙura zai yi wa sufeto bayani, sufeto ya ɗaga masa hannu, ba a taimakon ɗalibi. Hussein ya matso ya raɗa, yadda duk muka ji:

"Baba, faɗi kawai. Turanci ne fa, mala'iku ba sa rubuta shi."

"Su suka gaya maka?"

Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. In ya yi shiru ya karya alkawarin jiya. In ya faɗa, ya san abin da ya faɗa. Ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa, ya faɗi jimlar kalma bayan kalma. Ban taɓa jin ya yi Turanci mai kyau irin na ranar ba.

"Very good," in ji sufeto, ya juya ga na gaba.

Na gaban ba ya kallonsa. Kowa na kallon Mumuni, wanda ke sa takalmi.

Muka bi shi, har da ni da na daɗe ban bi kowa ko'ina ba sai gawa. Ya shiga shago, ya zare rigar da ke ƙarƙashin allura ya ninke, ya kwance kan keken, ya naɗa gammo ya ɗora. Ticha ya rungumi ƙafafun keken na ƙarfe yana hawaye. Matan da ke dakan sakwara a bakin layi suka tsaya da taɓarya a sama. Takalman tsoho na ta ƙara a cikin taɓo. Tafiyar ba ta da nisa ko kaɗan, amma na ga jana'izar manya da ba ta kai ta nauyi ba.

Sufeto ya biyo mu yana tambaya. Da Ticha ya fahimtar da shi, sai ya cire hula, ya sha gaban Mumuni yana magana da sauri. Ticha ya ce, "Baba, wai ya janye. Wai misali ne, bai nufi komai ba."

"Gaya masa nasa ya janye. Nawa ya riga ya fita."

Karimu na tsugune gaban kwano, hannunsa cikin tumbi. Mumuni ya yi sallama. Karimu ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani ake.

"Karimu, ga keke. Na ba ka."

"Wace sabuwar fitina ce kuma wannan? In ɗinka me da shi, hanji?"

"Wannan kuma tsakaninka da shi."

Hussein ya kwashe labarin ya gaya masa. Ina kallon fuskar mahaucin, mutumin da ke kayar da sa ba ya ko ƙifta ido. Ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya sake gogewa.

"Ɗauki kayanka, Mumuni. Me iyalinka za su ci?"

"Ka san abin da aka ce a kan mai karɓe kyautarsa. Ni ba kare ba ne da zan koma wa amaina."

Ya juya ya shiga shagonsa, ya zauna a tabarma, ya zura zare a allura, ya ci gaba da rigar da hannu. Sufeto ya tsaya yana kallonsa har aka kira magariba. Bai jarraba sauran ba. Ya ce wa Ticha ajin ya ci, ya tafi da hularsa a hannu.

Keken ya kwana a zauren Karimu. An ce matarsa Mamuna ta lulluɓe shi da zanen da take zuwa suna da shi, shi kuwa ya hana kowa wucewa ta kusa. Da hantsi Karimu ya ƙetaro kwata ya tsaya a bakin shagon Mumuni yana sosa ƙeya.

"Kai, tela."

"Na'am, mahauci."

"Ina da keke, ba ni da ƙafar taka shi. Tsatsa za ta cinye min dukiya ina kallo. Ka zo ka riƙa motsa min shi, don girman Allah."

"Sai na gama wannan wuyan."

Sai da ya gama ɗin kuwa ya tafi. A zauren Karimu ya ci gaba da ɗinki har ƙarfinsa ya ƙare, cikin ƙarnin nama da ƙuda. Bai sake cewa kekena ba, ko da Hausa ko da Turanci. Kullum in ya tashi aiki sai ya share shi, ya ɗiga masa mai, ya leƙa cikin gida ya ce, "Mai keke, na gode da aro."

Karimu bai taɓa iya tsayawa ya karɓi godiyar nan ba. Da ya ji tsoho ya fara kakkaɓe zare, sai ya sulale ta ƙofar baya.