Bututun da Ya Bi ta Ƙofar Inna

Injiniya ake ce masa a unguwa, duk da ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba. Shekara ashirin yana gyaran famfo a gidajen mutane, abin dariyar kuwa, unguwarsu ba ta da famfo ko ɗaya. Rijiya ce guda a bakin layi, daidai ƙofar gidan mahaifiyarsa, ita ke shayar da gida arba'in.

Gari kuwa sai faɗi yake yi. Gonakin bayan unguwa sun zama filaye, filayen sun zama gidaje masu jan kwano da dogayen katangu. Haya ta tashi, kuɗin mota ya tashi, har masu tura kurar ruwa suka fara yi wa mutane yanga.

Ana haka ƙaramar hukuma ta kira taro a makarantar firamare. Ciyaman ya ce abu uku ya sa a gaba: ruwa, hanya, da sauƙin rayuwa ga talaka. Aka tafa. Kansilan unguwar, wanda yayan matar Injiniya ne, ya shimfiɗa taswira a tebur, ya nuna jan layin da babban bututu zai bi. Layin ya faɗa a kan rijiya, don haka sai an cike ta.

Wani tsohon tela ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari."

Bayan an watse, kansila ya ja Injiniya gefe. "Ƙanena, mutanen nan ba sa yarda da ɗan siyasa, amma kai in ka ce fari, fari ne. Ka yi musu magana. Aikin haɗa bututun ma kai za ka ja."

"Yaya, da gaske za mu samu?"

"Kowane layi famfo biyu. Ƙanwata na gidanka zan yi maka ƙarya?"

Wannan magana ita ta kashe masa jiki. Ya bi gida-gida har sati guda, yana lallashi, yana rantsuwa. Mahaifiyarsa ya bari a ƙarshe, don ita ya fi jin nauyi.

"Inna, da hannuna zan sa miki famfo a tsakar gida."

Ta dube shi. "Babanka ya haƙa ta shekarar da na haife ka. Amma tunda kai ka ce, a cike."

Tifa uku ta ƙasa rijiyar ta cinye. Inna ta naɗe igiyar guga ta rataye a ƙusa.

Aka ja rami, aka jera bututu. A sati na uku Injiniya ya shiga rumfar kaya, ya duba sama da ƙasa, bai ga abin da yake nema ba. Duk mai sana'ar ya san ba a fitar da reshe daga babban bututu sai da mahaɗa mai baki uku, ga shi babu ko ɗaya. Ya tambayi ɗan kwangila. Mutumin ya warware masa takardar aiki, ba irin taswirar taro ba, ta ainihi. Layi ne miƙaƙƙe sambal, daga madatsar ruwa zuwa babban tankin sababbin gidaje.

"Ni dai ba reshe a takardata," in ji ɗan kwangila.

Ko kayan aiki bai cire ba ya nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Awa biyu ya yi a kan benci kafin a shigar da shi. Kansila ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo ruwan gora mai sanyi. Injiniya bai taɓa ba.

"Yaya, ina famfunanmu?"

"Suna kashi na biyu. Ka san kasafi ba ya ɗaukar komai lokaci guda. Sababbin gidajen nan su ke kawo haraji, in suka samu, sai a waiwayo mu."

"Ranar taro ka san da haka?"

Kansila ya shiga latsa waya. Can ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda. "Ni ban manta da kai ba. Ga aiki na samo maka, mai kula da layin bututu, albashi duk wata. Ka san halin mutanenmu, yanzu sai su fara huda bututu."

Injiniya ya dubi takardar. Ashe an riga an san unguwar za ta yi ƙishi, har an tanadi wanda zai tsare ta, kuma shi aka zaɓa. Ya bar takardar kusa da gorar ruwan ya fita.

Ranar da aka saki ruwa, da la'asar ya shigo layi. Tsohon telan ya ɗago daga keken ɗinki. "Injiniya, an ce ruwa ya zo. A ina za mu tara bokiti?" Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi.

Ya tarar da Inna zaune a kan simintin da aka shafe inda rijiya take, jarka biyu a gefenta. Ta kamo hannunsa ta ɗora a ƙasa. Wurin da sanyi, yana ɗan motsi a hankali.

"Ruwa ne wannan?"

"Ruwa ne, Inna."

"Daga nan zuwa gare shi nawa ne?"

"Bai kai kamu uku ba."

Ta gyaɗa kai. "Ta babanka gaba goma sha biyu ce, kuma ban taɓa kwana da ƙishi ba."

Ta yunƙura za ta ɗauki jarkokin, ya riga ta. Ya kama hanyar bakin titi inda masu kura ke tsayawa, jarka a kowane hannu, yana wuce ƙofofin da ya shiga ɗaya bayan ɗaya ya yi rantsuwa.