Littafin Auta a Shagon Aski

Kamfanin ɗab'i ya sake dawo wa Auta da littafinta. Editan ya ce alƙalaminta na da kaifi, amma labarin yana kwanciya a tsakiya. Ta gyara ta kawo, in bai tashi ba, ba zai ƙara dubawa ba. Ta shigo gida ido jajir, ta ce in aka ƙi wannan karon ta bar rubutu ke nan, koyarwarta ta ishe ta.

Ni ubanta ban yi nisa a boko ba, aski ne sana'ata. Amma na san halin maza. Da ka cire wa mutum ƙyallen wuya ka karkaɗe masa gashi, miƙewa yake, ko madubi ba ya sake kallo. In ka ga ya zauna, wani abu ne ya riƙe shi.

Na ce ta karanta littafin a waya da muryarta, babi-babi. Na kashe rediyon shago, na jona wayar da lasifika, ban gaya wa kowa wadda ta rubuta ba.

Labarin wata mata ce da ke neman ƙanenta, ya tafi neman aiki bai dawo ba. Tun a babin farko wani tsohon direba da nake yi wa saisaye ya ce in kashe injin, ƙararsa na hana shi ji. Da na gama ya koma benci ya zauna. Mai gyaran agogo, maƙwabcina, ya riƙa zuwa aski alhali gashin ko tsirowa bai yi ba. Na ce masa fatar zan aske ne? Ya ce in aske, in dai zan ƙara murya.

Sai muka zo tsakiya, inda matar ta zauna bakin taga tana kallon ruwan sama tana tuna ƙuruciya. Nan Auta ta fi so, don bayan rasuwar mahaifiyarta ta rubuta shi. Kalmomi kamar zuma. Amma benci ya watse, direba ya yi minshari har hularsa ta faɗi.

Da na gaya mata, ta haɗe rai.

"Baba, masu gyangyaɗi ne za su koya mini rubutu?"

Na ce kada ta yarda da ni, ta zo ta ji da kunnenta. Na zaunar da ita bayan labule, inda nake shanya tawul, na sake kunna babin. Ba a jima ba mai agogo ya yi tsaki.

"Baiwar Allah, ki tashi daga tagar nan mana. Ƙanenki na can yana jiranki."

Na waiga wajen labulen da Auta take. Can sai na ji tana danne dariya.

Ta zauna ta yi wa babin aski na gaske. Ta bar ruwan saman a shafi guda, ta tayar da matar ta sa ta a mota, sauran tunanin ta yi shi a hanya. Ranar da na kunna sabon, direba ya bar yaran motarsa suna ta kiransa bai ɗauka ba.

Editan ya karɓa, ya ce ko waƙafi ba zai taɓa a tsakiyar ba.

Da littafin ya fito, Auta ta kawo shi shago da kanta, sunanta ɓaro-ɓaro a bango. Ta yi sallama, mai agogo ya gane muryar, ya riƙe baki.

"Ashe 'yarka ce, ka bar mu muna ta yi mata tsaki?"

Ta ce ai tsakin nan ne ya buga littafin, ta miƙa masa kwafin farko.

Nawa kwafin yana kan kantar shago, tsakanin hoda da reza. Yanzu ta fara na biyu, benci kullum a cike, rabinsu ba aski ya kawo su ba. Ban kori kowa ba, aiki suke mana.