Igwar Kawu Sainul

Jazima ta sauka daga bas a Kattumunai da tef ɗin awo a jaka da ciwon kan da ta kwaso tun daga Puttalam. Ofishin kula da tsofaffin gine-gine ne ya turo ta, kuma ba don ta fi kowa iya aiki ba. Sun ji cewa garin mahaifiyarta ne, suka ga sun huta da biyan masauki.

Aikin a baki ba shi da wuya. Ana kasa tsofaffin gine-ginen bakin teku gida uku: na yaƙi, na jagorar jiragen ruwa, da na fatauci irin su rumbuna da gidajen kwastan. Nata kawai ta dubi hasumiyar da ke kan tudun garin ta faɗi gidan da za a sa ta. Sai dai kowane gida da dokarsa. Ginin yaƙi shi ne ɗan gata: a kewaye shi da waya, a kafa masa allo, a yi masa titi saboda baƙi masu yawon buɗe ido, sannan a kankare duk abin da aka shafa masa daga baya har dutsen asali ya fito. Alamar jirage kuwa, in har yanzu ana aiki da ita, sai a bar ta ga masu ita yadda take, ba allo ba titi.

To ita wannan hasumiya, mutanenmu suna shafe ta da farar ƙasa duk shekara kafin iskar damina. Gaɓarmu cike take da duwatsun ƙarƙashin ruwa, kafa ɗaya ce tak ake shigowa ta cikinta, kuma masunci yana gane ta ne in ya daidaita farin hasumiyar da giginyar bayan masallaci. Dutsen asalin kalar toka ne, iri ɗaya da tudun, iri ɗaya da sama in hadari ya haɗu. In aka kankare farin, daga ruwa babu abin da mutum zai gani.

Da ta hau tudun sai ta ci karo da igwa. Wata ƙatuwa, baƙa, an shafe ta da man kwakwa tana ta sheƙi, an ɗora ta a kan kututture biyu bakinta na kallon teku. Jazima ta tsaya ta dafe ƙugu. Ta san igwar nan. Tun tasowarta a kafe take a bakin gaɓa, baki a ƙasa, ana ɗaure mata igiyoyin jirage, ga ma zaizayar igiya nan a wuyanta. Sawun tarakta kuma ko gogewa ba a yi ba.

Kawu Sainul, yayan mahaifiyarta kuma shugaban ƙungiyar masunta, ya fito daga inuwar hasumiyar yana gyara ɗaurin zanensa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran ta Jazima ba.

"Uwata, kin iso? Kin ga kayan yaƙin kakanninmu. Tun zamanin Turawan Holan take a nan."

"Kawu, a jikin igwar nan na fasa haƙori ina ƙarama. A bakin gaɓa."

"Waccan ƙanwarta ce."

"To ina ƙanwar take yanzu?"

"Ta tsufa, ruwa ya ci," in ji shi, ko ƙyafta ido bai yi ba.

Ta bar zancen, ta ce a ranta ginin da kansa zai faɗi gaskiya. Ginin bai faɗi komai ba, ƙara dagula mata lissafi ma ya yi. Akwai 'yan tagogi sirara irin na masu harbi, amma dukkansu gonakin kwakwa suke kallo, babu ko ɗaya ta wajen teku. Wa zai gina hasumiya don ya harbi kwakwarsa? A can sama akwai kunkunniya, alamar an daɗe ana hura wuta. Wutar nuna wa jirage hanya ce, ko ta girkin sojoji, ko ta samarin garin da ke gasa ƙaguwa a ɓoye, ba ta iya cewa ba. Akwai wani ɗan loko a bango kamar na liman, ta auna, ya kauce wa alƙibla kaɗan, kaucewar da ta yi wa masallaci yawa, ta kuma yi wa tsautsayi kaɗan. Dutse ɗaya mai rubutun Turawa da ta samu, a kife aka gina shi a gindin bango, wato daga wani ginin aka ɗauko shi. Matakalar ciki kuma ta hau, ta hau, ta je ta ƙare a jikin bango.

Sai ta yi kuskuren tambayar tsofaffi. Mutanenmu, Allah ya shirye mu, ba a tambayarsu abu su ce ba su sani ba. Wani ya ce kurkuku ne. Wani ya ce daga nan ake sa wa masu nutso neman lu'ulu'u ido kada su haɗiye. Wata tsohuwa ta rantse wani waliyyi ne a binne a ƙasa, da aka tambaye ta sunansa ta ce ai waliyyin kirki ba ya son a san shi. Kowa kuma in ya gama nasa sai ya ƙara da cewa, amma dai gidan yaƙi ne, domin Kawu ya riga ya bi gida gida.

Da la'asar ta same shi yana gyaran koma a ƙofar gidansa, ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla. In ta ce ginin yaƙi ne, za a kankare farar ƙasar, kuma duk wanda ya sake shafawa kotu.

"Gwamnati ce fa, Uwata. Faɗa take yi, ba ta zuwa."

"In ba ta zuwa, titin wa zai yi?"

Ya ɗago kai daga komar. "Don titin za ta zo. Kankarar ce ba za ta zo ba." Ya ja zare da haƙori. "Kin san matar Jabir a bayan tarakta ta haihu bara, a hanyar asibiti? Kin san kifinmu kafin ya kai bakin kwalta ya fara wari, dillali ya saya yadda ya ga dama? Ke kina can cikin fanka. Kalma ɗaya muke roƙo a wurinki."

Wannan magana ta zauna mata a ƙirji, domin babu ƙarya a cikinta. Ta tashi ta gangara bakin ruwa. A nan ta tarar da Nilam, ɗan Kawun, taubashinta, yana wanke injin jirginsa.

"A'a, gwamnati da kanta. Yaya, kin gano ko Turawan Holan da tarakta suka zo?"

"Kai dai bari. Nilam, tsakaninka da Allah, in babu farin nan za ku iya shigowa?"

Ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihu ya kaɗa mata. "Mu masu inji wannan ke kawo mu, ko ido a rufe. Tsofaffi masu kwale-kwale ne abin ji." Ya rage murya. "Baba kuwa, surukin naki na da, wanda kika ƙi ɗansa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ta kama hanya. Giginyar ya daina gani tun bara, da ƙiyasi yake haɗawa. Farin kaɗai ya rage masa. Kuma kin san shi, ranar da ya daina fita ruwa ranar za a wanke shi."

"To me ya sa shi ne a gaba wajen neman a kankare?"

"Ki tambaye shi mana. Ni na tambaya, da filafili ya bi ni."

Tsoro ya kama ta sosai, ga haushi, ga kuma ruɗun da ta kwana ta tashi da shi. Da ta tabbata ginin ba na yaƙi ba ne, da abin ya zo da sauƙi. Amma tagogin nan na masu harbi ne, ko ina suke kallo.

Ranar da Mista Wijetunga, shugabanta, ya zo duba aikin, garin kaf ya hau tudu, maza da fararen huluna, mata daga baya-baya. Shi harshen Sinhala yake ji, mutanenmu kuma Tamil, don haka Jazima ce tafinta. Yana ganin igwar fuskarsa ta washe. Ya zagaye ta, ya shafa, ya ce a tambayi dattijo tun yaushe take a wurin.

Kawu ya gyara tsayuwa ya ce tun kakan kakansa, ba a taɓa gusar da ita ko taki ɗaya ba. Sannan ya dube ta da idon nan mai yana, yana jira ta juya maganar.

Ta san shekarun da Kawu ya yi yana ciniki da dillalan kudu masu jin Sinhala, duk abin da za ta faɗa zai ji.

"Yallaɓai, ya ce tun kakan kakansa. Amma ni a bakin gaɓa na san ta, ana ɗaure mata jirage. Kwanan nan aka hawo da ita."

Wurin ya yi tsit, sai wata akuya da ba ta san abin da ake ciki ba. Wijetunga ya janye hannunsa daga jikin igwar ya goge man a wandonsa.

"To in an cire igwa, me ya rage? Gidan yaƙi ne ko kuwa?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Wallahi ban sani ba. Abin da na gani da idona kawai, da ita ake shigowa daga ruwa."

Ya leƙa tagogin, ya ce shi fa sun yi masa kama da na yaƙi, mai yiwuwa ma garin na da gaskiya, amma ba zai kai wa manya magana da igwar aro a gindinta ba. Alamar jirage, abin da ya yanke ke nan. Ya ce a mayar da igwar inda aka ɗauko ta, ya sha ruwan kwakwar da aka fasa masa a tsaye, ya shiga mota.

Mutane suka watse ba wanda ya dube ta. Kawu ya wuce ta gabanta, kafaɗarsa ta kusa taɓa tata.

Washegari da hantsi ta tsaya a ƙofar gidan Umma, mahaifiyarta, tana kallon ruwa. Hadari ya ɗan taso, teku da sama sun zama abu ɗaya. Ta hango kwale-kwalen Kawu ya karkata, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya miƙe ya bi ta kafar ya shigo. Ta ga an taya shi jan jirgin, ta ga kwandonsa a cike.

Tun rasuwar mahaifinta, duk ranar da Kawu ya fita ruwa kifin farko gidan ƙanwarsa yake aikowa, ko da guda ɗaya ya kamo. Umma ta jajjaga albasa, ta matse kwakwa, ta ɗora tukunya, tana yi tana leƙen ƙofa. Har aka kira azahar babu wanda ya shigo.

Umma ta sauke tukunyar, ta ɗauko gwangwanin wake.

"Zo ki tsince min wannan," ta ce.