Keken Ɗan Fari

Baiwa ta fito daga ɗaki da ƙwaryar dusa a hannu, sai ta tarar da ƙanenta Datti, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, tsaye a gaban igiyar shanya yana auna wando da zaren buhu. Ya danne bakin ƙafar wandon da yatsa, ya ja zaren har inda ƙafafuwan suka rabu, ya yi ƙulli a wurin. Yana yi yana waige-waige sai ka ce wanda ya shigo satar kaza.

"Datti, lafiya? Tela ka koma da tsufanka?"

Ya saki wandon, ya cusa zaren a aljihu. "Ina kwana, Yaya."

"Ba gaisuwa na tambaye ka ba. Wandon Mu'az ne wannan."

"Na ga alama na yaron nan ne," in ji shi, yana kallon akuyar da ke ɗaure a turke.

Yaron nan. Shekara ashirin da tara ke nan bakin Datti bai taɓa furta wannan suna ba. Mu'az ɗansa ne na fari, a gidansu kuwa, kamar gidaje da yawa a Gafasa, ɗan fari na kunya ne: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an ma san da zamansa. Ana yaye shi Baiwa ta goye shi ta kai gidanta, katanga ɗaya ce tsakani, a can ya girma. Kullum da safe yakan zo ya durƙusa ya gaida uban, uban ya amsa yana duban wani gefe. Iyakar hirarsu ke nan tun da yaron ya iya magana.

Tsawo kuwa Allah ya ba shi, na kakansa ya ɗebo har da ƙari. Babu zauren da Mu'az ke shiga a Gafasa bai sunkuya ba. Yana koyarwa a wata Islamiyya a Toranke, a ƙasa yake zuwa, a ƙasa yake dawowa, don kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin abin da ake ba malamin Islamiyya. Ya taɓa aron keke irin na yanzu, waɗannan 'yan gajerun, gwiwoyinsa suka riƙa dukan kan keken, ɗalibansa suka yi ta ƙunshe dariya a hijabi. Kwana biyu ya mayar wa mai shi, bayansa na ciwo.

Wata guda kafin ranar wandon, Baiwa ta leƙo gidan Datti ta ce Mu'az ya gaji. Wani abokinsa ya samo masa tsaron shago a Kano, da an gama cirar gyaɗa zai tafi. Datti ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Daga nan ya ture kwanon tuwonsa, bai ƙara loma ba. Gaskiyar magana, ba ya son yaron ya tafi. Cikin 'ya'yansa bakwai babu wanda yake jin motsinsa a zuciya kamar wannan da ba ya iya kira, kuma babu bakin da zai ce masa ya zauna.

Amma yana da hannu. Shekara talatin ya yi yana gyaran keke a kasuwar Ajingi, kafin babura su cika gari su mayar da shi gona. Ya san abin da mai irin wannan tsawon yake buƙata: tsohon keke irin na da, mai doguwar ƙira da sanda biyu, wanda masinjoji da malaman gona suke hawa lokacin yana saurayi. Ya ci kasuwar Ajingi sau biyu yana leƙa rumfunan masu faci, bai samu ba. A ta uku ya hau mota zuwa Gaya, wajen tsohon abokin sana'arsa Bala.

"Irin wannan ai 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa, sun gama kwashewa," in ji Bala. Ya ɗan yi tunani. "Sai dai na marigayi Sagiru Masinja. Ka tuna shi? Dogon nan. In matarsa ba ta rabu da shi ba, yana nan."

Yana nan kuwa, rataye a ɗakin ajiya a bayan buhunan ƙaiƙayi. Tayoyin sun ruɓe, sarƙar ta daskare da tsatsa, zanzaro ya yi gini a ƙarƙashin sirdi. Datti ya shafa sandunan biyu da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce, ya ji ƙarar da yake nema. Babu tsagewa, babu lanƙwasa. Sai da ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi.

Kubura, matar marigayin, tana tsaye daga bakin zaure da mayafi. "Malam, kai dai ba za ka iya hawansa ba. Wa za ka kai wa?"

"Wani yaro ne a wajenmu."

"Ɗanka ne?"

Datti ya sunkuya yana duba feda.

"Na fari ke nan," in ji ta, tana murmushi. "Ɗauka. Shekara tara ina korar 'yan gwangwan a kansa. Ni dai a hau shi, shi ne buƙatata."

A kan mota aka ɗaure shi zuwa Ajingi. Daga nan Datti ya turo shi zuwa Gafasa ta hanyar bayan gari, ya shigar da shi rumfar da yake ajiye garma da buhuna, ya saki asabari.

Kwana goma sha biyu yana kansa, daga dawowa gona zuwa la'asar. Ya kwance shi kaf, ya jiƙa sarƙar a kalanzir, ya zube ƙwayoyin boris na ƙafafun a murfin kwano ya ware masu ci daga matattu. Ya sa sabbin tayoyi, ya goge tsatsar da samfefa, amma bai yi sabon fenti ba, don baƙin asalin yana nan a ƙasa, mai kawai yake so. Fatar sirdin ta bushe ta tsattsage, ya yi ta shafa mata man kaɗanya har ta yi laushi. Wayoyin ƙafa kuwa da kunne ya ɗaure su, irin yadda maigidansa ya koya masa: ya taɓa kowace da yatsa, ya saurara, ya ƙara ɗauri ko ya sassauta, har duk suka yi murya ɗaya. Ranar da ya juya ƙafar baya ta yi ta gudu ba ta karkata ba, ya zauna a kan buhu yana kallonta har ta tsaya da kanta.

Saura abu ɗaya, tsawon sirdi. Da wani ne, da magana ta ƙare: hau mu gani, ɗora dunduniya a feda, miƙe ƙafa. Haka ya yi wa ɗaruruwan mutane a Ajingi. Amma wannan mai keken ba ya kirawuwa. Abin da ya kai shi gaban igiyar shanyar Baiwa ke nan.

"To ka aika a kira shi mana ya hau," in ji Baiwa, da ta gama jin bayani.

"Haba, Yaya."

"Haba me? Gemunsa ya fi naka."

"Ke dai in na gama, ki ce ke kika samo masa."

"Ni Baiwa, ina na san keke? Yana ganin aikin zai san hannun." Ta watsa wa akuya dusa. "Kai da wannan kunya taka, Allah ya shirye ku."

Ranar Asabar da sassafe Datti yana gonarsa ta bakin hanyar Toranke, wai yana cirar gyaɗa. Shuka uku ya cira tun fitowar rana. Can sai ga keken ya ɓullo daga cikin gari, baƙi, dogo, yana sheƙi, babu ƙara ko ɗaya sai shuuu ɗin taya a kan yashi. Daɗi ya kama shi. Amma da keken ya matso, daɗin ya koma ciki. Gwiwoyin ba sa dukan kan keken, gaskiya ne, sai dai ƙafar ba ta miƙewa. Kowane taki a lanƙwashe take sauka, a lanƙwashe take tashi. Sirdin ya yi ƙasa da kusan faɗin tafin hannu.

Idonsa ya sauka a kan ƙafar yaron, nan take ya gane. Mu'az malami ne, wandonsa ba ya sauka idon sawu, can sama yake tsayawa. Shekara talatin a sana'a, ga shi ya auna yadi ya bar ƙafa.

Tun daga nesa Mu'az ya sauka, ya turo keken, ya jingine shi, ya durƙusa.

"Barka da aiki, Baba."

"Yawwa."

"Gwaggo ta ba ni keke. Allah ya saka wa wanda ya yi aikin da alheri. Allah ya ƙara masa lafiya."

"Madalla," in ji Datti, yana kakkaɓe ƙasa daga gyaɗar da ba ta da sauran ƙasa.

Ya yi zaton yaron zai ɗaga sirdin da kansa, ai noti ɗaya ne. Ranar Lahadi ya wuce a haka. Litinin ma haka. Ranar Talata da yamma Baiwa ta shigo ba ko sallama mai kyau.

"Ɗan nawa man zafi yake shafa wa gwiwa. Na ce ya kai wa mai faci a ɗaga masa abin zaman, ka san me ya ce? Wai inda aka ɗaure shi, nan zai zauna. Wai hannun da ya ɗaure ba irin wanda ake kwancewa ba ne."

Datti ya ce, "Maganar Kano fa?"

"Bai ce ya fasa ba. Da wace gwiwar zai fasa?"

Laraba da safe ya jefa sifana a aljihu ya tafi gona. Ko fartanya bai ɗauka ba. Da Mu'az ya iso ya sauka zai durƙusa, Datti ya riga shi, ya fito kan hanya ya kama kan keken da hannu biyu.

"Kai. Hau."

Mu'az ya ɗago kai, ya dubi uban, ya dubi gonakin da ke gefe. Akwai mutane, kowa da aikinsa, kowa kuma da idonsa.

"Hau, na ce."

Ya hau. Datti ya sa shi ya dafa kututturen darbejiyar bakin hanya, shi kuma ya zagayo ya tsuguna a gindin feda. Mu'az ya sunkuyo da kai ya dube shi. Tun da yake, bai taɓa ganin tsakiyar hular ubansa daga sama ba.

"Baba, bari in sauka."

"Zauna. Aiki nake yi."

Ya cire masa silifa, ya kama dunduniyar ya ɗora a kan feda. Ƙafa ce babba, mai nauyi, duk faso ya tsattsaga ta, aikin hanyar Toranke na shekara huɗu. Datti ya riƙe ta fiye da yadda aikin yake buƙata. Tausayi ya cika shi, da kunya, da wani abu mai kama da fushi da kansa. Rabonsa da taɓa wannan ƙafa tun tana cika tafin hannu ɗaya, ranar ma sai da ya tabbata babu kowa a ɗakin.

"Ɗaga." Ya kwance notin, ya ja ƙarfen sirdin sama, ya ɗaure. "Zauna. Miƙe." Tsawon bai yi ba. Ya ƙara yatsa biyu. Wannan karon ƙafar ta sauka sak, da ɗan lanƙwasa kaɗan a gwiwa, yadda ake so. Ya ɗaure notin tam, ya mayar masa da silifar da hannunsa.

Mu'az yana kallon gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Baba, in damina ta dawo, hanyar nan laka take yi sosai. Ban sani ba ko birkin zai riƙe."

Datti ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. Damina saura wata bakwai. Ya juya maganar a ransa, ya sake juya ta, ya ga ba ta da wata fuska sai ɗaya: yaron yana nan har damina.

"In ta zo, ka kawo a duba," in ji shi. Ya koma baya ya kama kariyar ɗaukar kaya ta bayan sirdi. "Taka in gani."

Duk ƙannen Mu'az shida, maza da mata, shi ya riƙe musu kariya a filin bayan gida har suka iya. Wannan kuwa a wajen 'ya'yan maƙwabta ya koya, ya faɗi ya tashi, Datti yana jin kukansa ta bayan katanga.

Mu'az ya taka. Mutumin da ya shekara ashirin da iya keke, sai ga shi yana tafiya a hankali, a hankali ƙwarai, har kan keken yana 'yar rawa. Datti yana biye, hannunsa a kan ƙarfen. Suka wuce iyakar gonarsa. Suka wuce ta maƙwabcinsa, wanda ya sunkuyar da kai ya dage da cirar gyaɗa kamar bai ga kowa ba. Sirdin ya yi daidai, tun a taki na uku Datti ya gani.

Sai da suka kusa gangaren da hanya ta karkata zuwa Toranke ya yi gyaran murya.

"Za ka makara," in ji shi.

"E, Baba," in ji Mu'az.

Bai ƙara sauri ba, uban kuma bai saki ba.