Ƙusar Dada Senami

Tun safe Setonji yake durƙushe a dandamalin katakon da ke ƙofar gidansu, bisa ruwan tafkin Nokuwe, yana kankare tsohon fenti. Ƙanensa Mautin ne ya aiko daga Kwatano da samfefa, da galan na banish mai sa katako ƙyalli, da umarni: zai kawo surukansa, ba ya so su tarar da gidan ubansa kamar akurkin kaji. Mautin yana cikin mutanen nan masu ƙaunar gida sosai, ta waya.

Fentin hawa-hawa ne, shuɗi a kan kore, kore a kan wani abu da ba shi da suna. Gwiwoyin Setonji suka yi tsami, ƙura ta toshe masa hanci. Wata mai tallar akasa, tuwon masara, ta ratso a kwalekwale, ta tambaye shi ko shi za a aurar ne yake wannan kwalliya. Bai ɗago ba. Ya goge duk wani sartse, ya danne kawunan ƙusoshin da suka taso, katakon bakin ruwa da ya banƙare ma ya feƙe shi ya yi daidai da 'yan'uwansa.

Da la'asar yayarsa Senami ta fito daga ɗaki. Ta daɗe da makancewa, amma ba ta taɓa yarda a riƙe mata hannu a gidan nan ba. Ta taka dandamalin, ta tsaya, ta shafa da tafin ƙafa.

"Setonji, ina ƙusata?"

"Wace ƙusa, Dada?"

Ta ce wadda take takawa ta san ta juya wajen murhu. Ɓawon fentin da ke kusa da randa fa? Banƙararren katakon da ke gaya mata ta tsaya, ruwa ne a gaba? Tana magana tana tafiya, kamar yadda ta saba. Da ƙyar ya cafko bakin zanenta, ƙafarta ɗaya ta riga ta wuce katako.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa, ta ce aikin ya yi kyau, sumul kamar cikin kifi. Ta ce ya maida ta ɗaki, daga yau a riƙa miƙo mata abinci can.

Setonji ya dubi wunin da ya ɓatar, ya dubi tafin hannunsa da ya ɗaye. Ya shiga ya ɗauko adda. Ya sake durƙusawa a kan gwiwoyin nan, ya fara sassara katakon bakin ruwa, sara kusa da sara, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ɗago ƙusa guda a hanyar murhu.

"Mautin zai yi ta surutu," in ji Senami.

"Ya zo ya yi shi a durƙushe. Tashi ki taka, Dada, ki gaya mini inda na manta."

Ta tashi. Ta ce saura randa.